Kwikwiyon Nana Goring da Allurar da Aka Ƙi Karɓa

A matsa gefe, a rage rediyo, mai tauna ya haɗiye. Ga Gregoria Agbayani nan tafe, wadda duniya ta sani da Nana Goring, sarauniyar tafarnuwa tun daga kwalbatin makaranta har bakin rafi, mai sigarin da ya kai hannun jariri kauri, wadda ta binne miji ba ta jiƙa hankici ba, wadda Fada, limamin cocinmu, in ya hango ta a ƙofar coci sai ya tuna akwai mara lafiya a wani ƙauyen. Tsayinta bai wuce kafaɗata ba. Muryarta kuwa ana jin ta har cikin garin Badok in iska ta juya.

Ƙanwar ubana ce. Ni ne Arnel, wanda ya fara koyon gyaran firji ya bari a tsakiya, ya tuƙa babur ɗin haya har ranar da babur ɗin ya ga dama ya shiga gonar masara, yanzu kuma yake jiran kamfanin jirgin ruwa ya tuna da shi. A gidanta nake ci, a gidanta nake kwana, a bayana ake ɗauko mata buhu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta na riga na biya.

A gidan nan aka haife ta, kuma ta ce daga cikinsa za a fitar da ita. Mijinta, Tata Inso, ya tafi Hawai aikin otal da alkawarin zai aiko a tafi da ita. Ya dawo da furfura da tari da riga mai furanni. Ta yi jinyarsa har ya mutu, rigar kuma ta koma tsumman sauke tukunya. 'Yarta guda, Manang Marilu, tana Hong Kong tana renon 'ya'yan wasu, duk Lahadi takan bugo waya ta karɓi rabonta na faɗa. Tafarnuwa ce ta ciyar da su, ita ta kai Manang Marilu makaranta, ita ta saya wa Tata Inso akwatin gawa. Warinta ya shiga fatar hannun Nana har sabulu ya haƙura. Ba ta son yara, ba ta son masu waƙa a lasifika, ba ta son kajin maƙwabta. Kare kuwa ta ce baki ne kawai aka yi wa ƙafafu.

Bara, bayan an cire tafarnuwa an kitse ta an rataye a rumfar bayan gida, wani ɗan albarka ya shigo ya sauke layin gaba kaf, masu manyan kawunan nan da 'yan kasuwar Manila ke rububi, ya bar mata ƙananan kamar mai ba da sadaka. Ina gidan lokacin, ina barcina. Ta ce da kujera ta ajiye a madadina, da kujerar ta yi ƙara. Da aka yi shukar bana sai ta yanke shawara: kare za ta samu, mugu, kuma ya kawo ƙarfi kafin a sake ratayewa.

Muguwar karya a ƙauyenmu guda ce, ta Nana Sabel da ke bayan shingenmu, karyar da ta taɓa cire wa mai duba mitar wuta bayan wando. Karyar kuwa ta haihu. Matsalar ita ce Nana Sabel ɗin. Ita ta riƙe Manang Marilu ranar baftisma, shi ya sa ita da Nana Goring suke kiran juna Mare, wato 'yar'uwa ta baftisma. Amma tun wata shekara da aka yi rigima kan wa ta buɗe ruwan gona a ranar da ba tata ba, kowacce in ta ce "Mare" sai ka ɗauka ƙayar kifi take tofarwa.

"Ka je ka karɓo namiji," in ji Nana Goring. "Ka ɗaga shi ta fatar wuya, in ya yi kuka ka ajiye ka ɗauki wani. Ga allura. A tafin hannunta za ka sa, ba a kan benci ba."

Kowa ya san ba a karɓar kwikwiyo hannu banza. Sabuwar allura ake miƙa wa mai karyar, don haƙorin kare ya yi tsini, zuciyarsa ta yi zafi. In ba a karɓi allura ba, lusari zai tashi, kuma ba zai taɓa sanin ya sauya gida ba, na masu uwarsa ne har ya mutu. Ni dai na yi aji biyu a makarantar firji, ban ga inda aka haɗa allura da haƙori ba, amma ba a tambaye ni ba.

Nana Sabel ta tarbe ni da haƙoranta na roba duka a waje. Ta kira ni Balong, yadda tsofaffi ke kiran saurayin da ba sa tsoro.

"Balong, ka yi kumatu. Ashe tana ba ka abinci."

Da kanta ta zaɓo min, ja-ja mai baƙin baki, ciki kamar ƙwallo. Na ɗaga shi ta wuya, ya yi hamma. Na zaro allura daga wuyan rigata na miƙa. Sai ta mayar da hannayenta baya kamar 'yar firamare.

"Haba Balong. Ni da Mare sai an yi ciniki? Kyauta ce. Ka ce mata Allah ya raya."

"Nana Sabel, allura ce fa kawai."

"Ina da allurai. Idona ma ya daina ganin kafarsu. Gaishe ta."

Da na dawo, Nana Goring ta dubi kwikwiyon, ta dubi allurar da ke wuyana, ta cire sigarin daga bakinta.

"Kai aka aika ko hularka?"

"Ɓoye hannu ta yi, Nana. In kama tsohuwa da kokawa?"

"Da ka kama, da yau ka yi aikin farko a rayuwarka."

Na ce to a mayar mata da abinta mana.

"In mayar, ta zaga gari ta ce Goring ta kasa ciyar da kare? Ajiye shi. Sai ta karɓi allurar nan ko da a cikin akwatin gawarta ne."

Ta fizge allurar ta soke a wuyan rigarta. Tun daga ranar ba ta fita ba tare da ita ba.

To, ga yadda ake renon kwikwiyo, ga wanda bai sani ba kuma yake marmari. Da farko ba a barci. Abin nan da bai cika tafi biyu ba yana da kukan da ke shiga ta kunne ya fita ta haƙori. Nana ta ce tunda ni na ɗauko shi ba allura, a ɗakina zai kwana. Na sa shi a kwali, ya ci kwalin. Na sa shi a kwando, ya kife kwandon ya yi yawo da shi kamar kunkuru. Na ba shi tsohuwar rigata ya kwanta a kai, ya shinshina ya ƙara kuka, Nana ta ce daga ɗakinta ko ita aka ba wa rigar nan kuka za ta yi.

Sai fitsari. Duk faɗin tsakar gidan nan, da gindin zogale, da bayan rijiya, bai ga wurin da ya dace ba sai jikin buhun shinkafa. Nana ta dangwala masa hanci a ciki, ta ɗauke shi ta dire a waje, ya zauna yana kallon ta har ta gama zagi, ya biyo ta ciki ya ƙarasa abin da ya rage. Ya ci silifata ƙafar hagu. Na sayo wata, ya ci ƙafar hagu. Ya ci carbin cocin Nana, sai da muka riƙa bin bayansa muna tsinto 'ya'yan. Ya ci igiyar cajin wayarta ranar Asabar, Lahadi Manang Marilu ta huta da faɗa, ni na karɓi kason mutum biyu.

Cikin nan nasa mai kama da ƙwallo ashe tsutsa ce. Na je shagon abincin kaji na sayo magani, abin da ya fito ba zan rubuta ba, don wataƙila wani yana karatu yana cin taliya. Bayan tsutsa sai ƙuma, bayan ƙuma sai kaska. Nana ta jiƙa ganyen taba ta yi masa wanka a bahon wanki, ni na riƙe, shi ya girgije, dukanmu uku muka fito muna warin tsohuwar toka.

Ta ƙi sa masa suna. Ta ce ba ta raɗa wa kayan mutane suna. "Kayan Sabel" take ce masa. Ni na sa masa Kansila, saboda ba ya bayyana sai an sauke tukunya, kuma kowa ya gani sai ya gaisa. Wannan gaisuwar ce ta fi ƙona mata rai. Mai tallan burodi ya shigo, ya kaɗa wutsiya. Mai sayen kwalabe ya shigo, ya kwanta ya ba shi ciki. Wani baƙo da ba mu taɓa gani ba ya tsaya tambayar hanya yana leƙen rumfar tafarnuwa, Kansila ya raka shi har kwalbati.

"Ka gani ko?" in ji Nana. "Wannan in ɓarawo ya zo, shi zai riƙe masa tsani."

Ta ce tunda allura ta ƙi shiga, barkono zai yi aikin. Ta dama masa ƙananan barkonon nan masu tashin hankali cikin shinkafa. Ya cinye, ya lashe kwano, ya yi atishawa. Zuciyarsa ba ta yi zafi ba, amma cikinsa ya yi, kuma a tabarmata aka ga sakamako.

Duk da haka na sha kama ta a bakin murhu tana cire wa kifi ƙaya ɗaya bayan ɗaya kafin ta zuba masa, abin da ba ta taɓa yi min ba. Na yi tari don ta san na gani.

"Kada ya shaƙe ya mutu a gidana a ce na kashe kayan mutane," ta ce. "Kai in ka shaƙe babu mai tambaya."

Abin da ya fi duka shi ne safiya. Gari na wayewa sai ya bi ta ƙasan shingen gora ya tafi wurin uwarsa. Na toshe ramin da dutse, ya haƙa wani. Jim kaɗan sai muryar Nana Sabel ta tsallako, mai zaƙi kamar rake.

"Mare, karena ya zo gaida uwarsa. Zan turo miki shi in ya ƙoshi. Kamar ba ya samun abinci a can."

"Mare, in naki ne ki biya ni carbina."

"Ai aro na ba ki, Mare. Mai aro shi ke lura."

Kuma ba a shinge kaɗai take faɗa ba. A rijiya, a shagon kwana, a wurin zaman makoki, ko'ina "karena da ke wurin Goring". Duk ƙauyen ya haddace.

Ranar wata Lahadi a coci, da Fada ya ce a yi wa juna sallamar zaman lafiya, jama'a suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Nana Goring, wadda ko gyaɗa kai ba ta yi wa na kusa da ita, ta tsallake benci biyu ta miƙa wa Nana Sabel hannu. Ni na san abin da ke tsakanin yatsunta. Nana Sabel ma ta sani. Ta haɗe tafukanta a ƙirji kamar hoton waliyiya, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Zaman lafiya, Mare." Hannun Nana ya daɗe a iska. Fada ya yi kamar yana gyara littafi.

Ta gwada ajiyewa a tagar ɗakin girkin Sabel. Da yamma aka jefo mana yalo ta kan shinge da allurar soke a jikinsa.

Sai ta yi abin da ya jawo mana magana. Ta gasa tupig, wainar nan ta shinkafa da kwakwa da ake naɗewa a ganyen ayaba, ta tara a babban ganye, ta ɗinke bakin ƙunshin da allurar, ta bar ta a ciki. Ta san Sabel ba ta iya mayar da abinci. Ni na kai. Nana Sabel ta karɓa hannu biyu tana cewa, "Mare ta fara tsoron mutuwa ke nan?" Nana Goring tana leƙe ta kafar shinge, sigarinta har rawa yake don murna.

Murnar ba ta kai tafasar ruwa ba. Sabel ba kwancewa ta yi ba, yagewa ta yi, allurar ta zame ta shige cikin waina, haƙorin roba ya same ta. Sai ga ta a tsakiyar hanya, waina a sama, tana kiran sunayen waliyai, tana cewa Goring ta yi mata sammu da allura a abinci. Kafin azahar labarin ya zama allura bakwai da gashin matacce. Kapitan, mai unguwarmu, ya zo da kansa da allurar naɗe a jarida, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba.

"Nana Goring, abin da aka karɓa ba da sani ba, ba a karɓa ba. Kuma don Allah a daina sa ƙarfe a abinci."

Daga nan mata suka fara janye 'ya'yansu in ta zo wucewa. Wannan ɓangaren kam ya yi mata daɗi.

Aka cire tafarnuwar bana, aka shanya, muka zauna kitsa ta. Ta yi kyau ƙwarai, layin gaba kawuna kamar dunƙulen yaro. Kansila ya yi tsawon ƙafa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, haƙoransa na sauyawa, duk abin da ya samu sai ya gwada. Haushi kuwa sau ɗaya na ji ya yi, shi ma da kwaɗo yake.

A ƙarshen layinmu akwai Manong Temyo, mai zakarun faɗa. Yana ɗaure su a ƙarƙashin mangwaro, kowanne da igiyarsa a ƙafa da 'yar rumfarsa ta tsohuwar taya, an auna nisan yadda baki ba zai kai baki ba. Farin zakaran da ke cikinsu shi ne ransa. Yana masa wanka da ruwan ɗumi, yana busa masa hayaƙi a fuska, yana masa magana da muryar da matarsa ba ta taɓa ji ba. Shi zai kai filin faɗan zakaru ranar bikin waliyin gari, kuma rabin mazan ƙauyen sun riga sun sa rai a kansa.

Wata hantsi Manong Temyo ya tafi sayen dusa. Kansila ya je gaisuwa. Bai taɓa zakara ko ɗaya ba, a faɗi gaskiya, igiya ya gani. Ya kwanta ya tauna ta wani jan zakara har ta tsinke. Jan ya daɗe yana kallon farin daga nesa yana haɗiyar zuciya. Kafin matar Manong ta fito da tsintsiya, farin ya rasa ido ɗaya.

Muna zaune a rumfa muna kitso muka ga Manong Temyo ya wuce ƙofarmu, zakara a hammata, buhu a kafaɗa, buhun yana motsi. Bai ko kalli gidanmu ba. Ƙofar Nana Sabel ya tsaya, jama'a na biye da shi.

"Nana Sabel, fito. Karenki ya kashe ni."

Muka ji ta fito tana tambayar wane kare.

"Wanda kike faɗa a rijiya da shago da gidan makoki. Da kunnena na ji. Dubi idon nan."

"Temyo, ai a gidan Goring yake kwana."

"Ko a fadar shugaban ƙasa yake kwana. An karɓi allura?"

Wani daga baya ya ce ba a karɓa ba, Kapitan ma shaida ne. Kapitan, da ya iso yana goge gumi, ya ce shi dai abin da ya sani ya sani.

"To ɗauki karen," in ji Sabel. "Na ba ka. Ku dafa ku sha giyarku da shi."

"Karen kam na ɗauka, yau zai kwana a tukunya. Amma wannan ko romo ba zai yi ba. Idon zakarana fa? Mai kare ke biya. Akuyarki mai cikin nan ta isa."

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi gudu irin na ranar ba. Sai ga fuskar Nana Sabel a kan shingenmu, hannunta ta miƙo ta tsakanin gora, tafi a buɗe.

"Mare, kawo allurar nan."

Nana Goring ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗauki wani kan tafarnuwa ta saƙa.

"Wace allura, Mare?"

"Kin sani. Ga ta nan a wuyanki."

"Wannan? Ta sammu ce. Kada ta taɓa ki."

"Wasa nake, Mare. Kin san bakina."

"Na san shi. Ni da ke sai an yi ciniki? Kyauta ce."

Jama'a suka fashe da dariya. Ni har na zame daga kan benci. Na raɗa mata, "Nana, kin ci. Ki yi zamanki kawai. Akuyarta ta tafi, mu kuma mu yi barci yau, ni in sayi silifa mai ƙafa biyu." Kuma da gaske nake. Shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta ga Sabel tana roƙo ta kan shinge, ga ta ta zo har gida, ba abin da ake buƙata daga gare ta sai ta ci gaba da kitso. Ko sisinta ba zai yi ciwo ba. Kwikwiyo ne kawai zai shiga tukunya.

Manong Temyo ya gaji da jira. Ya ce a kamo masa akuyar, ya gyara buhun a kafaɗa ya juya. Daga ciki aka yi wani ɗan kuka siriri, sai fitsari ya fara ɗiga ta ƙasan buhun yana bin bayan rigarsa.

Nana ta ƙarasa kitson da ke hannunta, ta ƙulle, ta ajiye. Ta miƙe tana dafa gwiwa. Ba ta je shinge ba, ta fita ta ƙofa ta zaga har gaban jama'a.

"Sabel, zo nan. Kapitan, buɗe idonka, kada gobe ka ce ba da sani ba ne. Buɗe hannun."

Sabel ta buɗe. Nana ta zare allurar ta sa mata a tafi, ta kan tsinin, ta kuma naɗe mata yatsu a kai da hannu biyu kamar mai ba da amana. Sabel ta ciji leɓe.

"Kin karɓa?"

"Na karɓa, Mare."

"Da ƙarfi. Na baya ba su ji ba."

"Na karɓa."

"Na wa ne?"

"Naki ne."

Sannan ta juya kan Manong Temyo, wanda ya fi ta tsayi da kusan rabin mutum.

"Temyo, sauke min karena."

"Nana Goring, kin san abin da kika saya kuwa? Idon zakara yana kanki yanzu. Karen kuma na riga na yi wa abokai alkawari."

"Abokanka su ci gyaɗa. Kai da ke ɗaure kaji da igiyar shanya, ina ruwan kare? Na san ka tun kana yawo ba wando, lokacin ma ba ka iya ƙulli ba."

"Zagi ba ya mayar da ido, Nana."

"Me kake so?"

Ya leƙa ta kan kafaɗarta zuwa rumfa. Kowa ya bi idonsa.

"Layin gaba."

"Rabinsa."

"Rabi na ido ne. Rabi na abin da ke buhu."

Ta kira shi ɓarawon rana, ta kira zakaransa kazar miya, ta ambaci wani abu game da kakansa da wata saniya da ta ɓace kafin a haife ni. Manong Temyo ya tsaya kamar turmi yana shafa kan zakaransa. Kapitan ya ce shi a ganinsa, sai duka biyun suka ce masa ba a tambaye shi ba. Can Nana ta tofar da guntun taba.

"Arnel, sauke masa."

"Duka, Nana?"

"Kurma ne kai?"

Manong ya kwance buhun. Kansila ya fito jiƙe da fitsarinsa, ya girgije, ya kalli taron, ya je ya kaɗa wa Manong Temyo wutsiya. Nana ta cafke shi ta fatar wuya ta wuce da shi ciki yana lilo, ba ta sake kallon kowa ba.

Ni na yi jigilar. Sawu bayan sawu, da rana tsaka, tafarnuwar da muka yi wata da watanni muna ban ruwa, a kaina, har ɗakin Manong Temyo, yara na bin baya suna ƙirga min. Nana Sabel tana zaune a ƙofarta tana tsotsar tafin hannu, ta rungume akuyarta da ɗaya hannun.

Da na dawo sawun ƙarshe na tarar da Nana a gindin rijiya, ta sa Kansila a bahon wanki tana dirje shi da sabulu kamar tukunyar da ta kama, tana zaginsa, tana zagin uwarsa, tana zagin mai uwarsa. Gaban rumfa fayau, ana hango katanga. Na cire hulata na riƙe a ƙirji, na gyara murya.

"Nana, a madadin al'ummar wannan gida, ni da kaji, ina miƙa gaisuwa. An nemo kare ya tsare tafarnuwa, ga shi an kwashe ta da izinin mai ita. Yanzu tunda allura ta shiga, gobe sai mu ga zaki. Amma tsakanina da ke, babu mai ji: son sa kike yi, ko?"

Ta juye masa ruwa a ka, ta matse masa kunne.

"Ya yi kashi a bayan ƙofa," ta ce. "Kwashe kafin ka ci abinci."